Koriyar Kibiya a Kwanar Hagu

Ranar da abin ya fara wata Talata ce da ba ta da wani abu na daban. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan dogayen darbejiyar Nassarawa GRA, jemagu sun fara fita, ladanin masallacin layi yana gyaran murya a lasifika. Injiniya Habibu yana tsugune a bakin famfon tsakar gida yana alwala, sai ya ji ƙwas! a kan rufin kwano.

Ya ɗauka ɗan mangwaro ne ya faɗo, ya ci gaba da wanke hannu. Can sai ƙwas! kuma. Shi Habibu yana da wata ɗabi'a da matarsa Hajiya Sa'adatu ta gaji da yi masa tsiya a kanta: komai sai ya ƙirga. Shekara ashirin yana aikin tsara fitilun danja na titunan Kano, har ta kai ko shayi aka ɗora sai ya san daƙiƙa nawa ruwan ya ci kafin ya tafasa. Saboda haka bai ma san ya fara ƙirga ba. Daga jifa na biyu zuwa na uku, daƙiƙa casa'in. Daga na uku zuwa na huɗu, casa'in cif. Ruwan alwalar ya bushe a fuskarsa bai motsa ba.

Jifa na biyar ya gangaro daga rufi ya faɗi gaban ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Tsakuwa ce baƙa, da kwalta a jikinta, da ɗumi kamar yanzu aka ɓamɓaro ta daga titi, tana warin tayar da ta ci burki. Ya dubi katangar gidan, doguwa, da waya a samanta. Ya dubi gidan maƙwabta, wanda masu shi suka yi wata uku ba sa gari. Babu kowa, babu komai, har tsuntsaye sun yi tsit. Da jan gari ya ɓace, jifan ya tsaya.

Washegari da magariba haka. Rana ta uku ma haka. Hajiya Sa'adatu ta ce yaran unguwa ne, ta faɗa da ƙarfi don ta yarda da kanta, alhali ta fi kowa sanin layinsu ba layin da yara ke yawo ba ne. A rana ta huɗu aka fara jin murya. Daga wajen tankin ruwa take fitowa, can ƙasa-ƙasa, kamar mace tana rarrashin yaron da ya ji ciwo. Maigadi ya ji ta sau ɗaya, ya naɗe tabarmarsa ya ce mahaifiyarsa ba lafiya a ƙauye.

Habibu bai gaya wa kowa zancen casa'in ɗin nan ba, amma ya san inda ya san ta. Akwai wata mahaɗa a inda titin unguwarsu ya haɗu da hanyar Hotoro da Badawa, wadda ta daɗe tana cin mutane. A da, danja ɗaya ke ba kowa hannu lokaci guda: masu miƙewa ta nan, masu miƙewa ta can, da masu shan kwana hagu. Wanda zai yi hagu sai ya kutsa tsakiyar titi ya tsaya, gabansa na faɗuwa, yana leƙen 'yar rata tsakanin motocin da ke tahowa da gudu, in ya ga dama ya faɗa, in ya yi kuskure shi ke nan. Mutum goma sha ɗaya a shekara biyu. Habibu ya je ta'aziyyar wata daga ciki, Malama Keziya, malamar firamare 'yar Zariya, ya ga takalminta ɗaya da aka tsinto a titi an ajiye a bakin ƙofa, ya kasa cin abinci kwana biyu.

Shekara uku yana bin takarda daga wannan tebur zuwa wancan kafin aka amince. Ya sa wa masu hagu layinsu daban, ya sa musu koriyar kibiya tasu, wadda in ta kama kowa zai tsaya su wuce hankali kwance. Zagayen danjar gaba ɗaya daƙiƙa casa'in ne, kuma sai da ya nemo wa kibiyar lokaci a ciki. Tsohuwar danjar tana da wani lalaci: a kowane zagaye akwai daƙiƙa biyar da ko'ina ja ne, titi wayam, babu mai motsi. Habibu ya kira wannan ɓarnar lokaci, ya kwashe ya ba kibiya. Wata huɗu ke nan ko madubin mota ba a fasa a wurin ba, kuma wallahi yana alfahari da abin nan fiye da gidansa.

A rana ta shida abin ya shigo ɗaki.

Raudatu ce 'yarsu tilo, shekararta goma sha tara, tana aji biyu a jami'a, yarinya mai surutu da dariya wadda ba ta iya wucewa ta gaban mahaifinta ba tare da ta tsokane shi ba. Ana kiran sallar magariba ta fito daga kicin da faranti a hannu. Daga kicin zuwa falo sai an bi ɗan lungu a juya hagu. Ta iso bakin kwanar ta tsaya cak. Farantin ya suɓuce ya tarwatse, ba ta ko dube shi ba.

"Raudatu, lafiya?" in ji Hajiya Sa'adatu.

Idonta yana kan tayil ɗin da ke gabanta kamar mai kallon rami, leɓɓanta suna motsi. Habibu ya matso ya kasa kunne. Ƙirga take, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sai ta ɗaga ƙafa za ta taka, sai ta janye da sauri tana rawar jiki, ta sake daga farko. Ya kama hannunta zai jawo ta, ta kwantsama wata ƙara da bai taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ta faɗi. Da suka ɗaga ta, ƙafarta ta hagu ta saki, sai ja take yi a ƙasa.

An kai ta asibiti, an yi hoto, an ɗebi jini, likita ya ce ƙafa lafiyarta lau. Da rana Raudatu takan dawo hayyacinta, ta yi kuka ta ce, "Abba, me ke damuna?" shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Da la'asar sakaliya sai ta yi shiru, fuskarta ta tsufa, ta juya wa bango baya ta fara wannan rarrashin da suke ji daga wajen tanki. Ta daina cin abinci. Cikin mako guda zoben hannunta ya fara zamewa da kansa.

Hajiya Sa'adatu ce ta tsaya a kansa ranar Lahadi. "Baban Raudatu, ka gama ƙirgarka? Yarinyar nan tafiya take muna kallo. Ko ka ɗauko malami, ko ni in fita in ɗauko."

Malam Shu'aibu na Hotoro dattijo ne siriri, mai farin gemu, ba mai yawan magana ba, kuma ba ya zuwa da tarkace. Abin da ya riƙo carbi ne da 'yar kwalbar man habbatussauda. Ya iso gab da magariba, ya tsaya a tsakar gida har tsakuwa biyu suka faɗo, ya ɗauki ɗaya ya sansana, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a falo, a rufe yarinyar da mayafi, uwarta ta riƙe ta. Bayan sun yi salla ya zauna wajen kanta ya fara karatu.

Ya daɗe yana karantawa. Falon ya yi nauyi, fankar sama tana juyawa amma iska ba ta isowa ƙasa. Jikin Raudatu ya fara karkarwa daga ƙafar hagu zuwa sama, yatsunta suka ƙanƙame tabarma. Malam ya ɗaga murya. Sai ta tashi zaune a hankali, yadda tsohuwa ke tashi, mayafin ya zame, ta buɗe ido. Ba Malam ta kalla ba. Habibu ta kalla.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ce azzalumar ba."

Muryar mace ce babba, a dishe, irin ta wadda ta kwana biyu tana kuka. Hajiya Sa'adatu ta fara salati hawaye na zuba, amma ba ta saki 'yarta ba.

"Wace ce ke?" in ji Malam Shu'aibu.

"Uwani."

"Musulma?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me ya kai Musulma jikin 'yar mutane?"

"Tambayi ubanta. Tambaye shi me ya yi da daƙiƙunmu."

Habibu ya zauna a ƙasa ba tare da ya yi niyya ba.

Ta yi bayani a hankali, tana nishi tsakanin magana. Gidansu yana wata tsohuwar rijiya da aka binne a gefen mahaɗar tun zamanin Turawa, wajen kiwonsu kuma yana ɗaya gefen. Kullum tsakanin kiran salla da ɓacewar jan gari suke tsallakowa gida da yaransu. Da aka yi titi suka haƙura. Da aka sa danja suka koyi halinta, suka gane akwai lokacin da ko'ina ke ja, a nan suke wucewa.

"Ko wanda ya makara a cikinmu ba ya halaka," in ji ta. "Mai shan kwana hagu a da tsoro yake ji. Ba wanda ke faɗawa kwanar nan bai ce Bismillah ba, har mashayi. Mu kuwa da mun ji sai mu kauce. Kai ka zo ka cire musu tsoro. Yanzu kibiyarka na kamawa sai su taho suna waya, suna dariya, baki a rufe, ba sallama ba sunan Allah. Ka kwashe lokacinmu, ka kwashe gargaɗinmu. Ɗana ƙarami ne, Malam. Yana tsakiyar titi kibiyar ta kama."

Hajiya Sa'adatu ta fashe da sheshsheƙa.

"Ya rasu?" Malam ya tambaya a hankali.

"Yana raye. Ƙafar ce ba ta raye."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma yarinyar nan ba ta taka kowa ba, kin sani, kuma za ki tsaya gaban Allah a kan haka. Me kike so ki fita?"

"A cire kibiyar. A mayar da tsoron."

Malam ya juyo ya dubi Habibu. Hajiya Sa'adatu ma ta dube shi, kuma abin da ke idonta ba roƙo ba ne, umarni ne. Aikin minti goma ne, makullin akwatin danjar yana aljihunsa. Ya dubi wuyan 'yarsa da ya rame, ya buɗe baki zai ce to, maganar ta ƙi fita.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Mutum goma sha ɗaya, Malam. Su ma duk sun ambaci sunan Allah. In na cire ta, ni na san wani zai mutu kafin azumi, kuma da hannuna."

"Habibu!" in ji Hajiya Sa'adatu. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba.

Jikin Raudatu ya sanƙare, bayanta ya lanƙwashe, tsakuwa suka zubo a rufi kamar ƙanƙara. Malam Shu'aibu ya dafa kanta ya koma karatu da ƙarfi, bai sassauta ba har sai da muryar ta yi kururuwa ta ce ya dakata.

"Kin ji dai," in ji Malam yana haki. "Ba za a sayi ƙafar ɗanki da rayukan mutane ba, ko na ƙona ki ko ban ƙona ki ba. Amma an ci hakkinki, wannan gaskiya ne. Nemi abin da za a iya."

Sannan ta ce, "A dawo mana da jan. Ko'ina ja, daƙiƙa bakwai, daga kiran salla zuwa duhu."

To, a nan ne halin mutum ya yi halinsa. Habibu da ya ji an zo wajen lissafi sai ya ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya san direbobin garin nan kamar tafin hannunsa: in suka ga titi wayam, ja ta wuce daƙiƙa biyar, wani ɗan adaidaita sahu zai ce danja ta lalace ya kutsa, sauran su bi shi. Kuma duk daƙiƙar da ya bayar daga jikin kibiya za ta fita. Ya ɗauka irin cinikin kasuwa ne, an faɗi bakwai don a tsaya a biyar.

"Biyar ce a da," ya ce. "Biyar zan iya riƙe mutane. In na ce bakwai na yi miki ƙarya."

Idanun suka tsaya a kansa. Ba fushi a cikinsu, wani abu ne da ya fi fushi wuyar kallo. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara magana, sai ta fasa.

"Biyar," in ji ta. "To. Amma ranar da aka sake taɓa min ɗa zan dawo, kuma ba ƙafa zan riƙe ba."

Malam ya sa ta yi rantsuwa, ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafa. Ƙafar hagun ta yi rawa, ta miƙe, yatsan ya karkaɗa sau uku. Raudatu ta yi atishawa ta faɗa jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Da sassafe Habibu ya je ya buɗe akwatin danjar ya mayar da jan, daƙiƙa biyar a kowane zagaye na lokacin magariba. Jifa ya tsaya. Muryar tanki ta ɗauke. Raudatu ta koma makaranta, ta koma tsokanarsa, kumatunta suka fara dawowa. Abu ɗaya ne ya rage. Kullum da an kira magariba, duk abin da take yi sai ta ɗan tsaya, ta dafe cinyarta ta hagu, ta riƙe numfashi, gumi ya tsattsafo mata a goshi, sannan ta saki. Ba sau ɗaya ba, sau da yawa, har gari ya yi duhu. In an tambaye ta sai ta ce ba komai. Habibu ya ce sauran ciwo ne, zai wuce. Shi da Hajiya Sa'adatu kuwa, tun daren nan maganarsu ba ta wuce gaisuwa.

Bayan mako uku, wata Alhamis da hadari ya rufe gari tun safe, batirin danjar, wanda hasken rana ke cikawa, bai cika ba. Habibu yana dawowa daga ofis ana gab da kiran salla, ya iso mahaɗar ya tarar fitilun sun mutu ɗif. Motoci sun cakuɗe, masu hagu suna kutsawa, masu miƙewa suna kutsawa, hon ta ko'ina, babu mai ba da hannu. Babu kibiya, babu ja, babu daƙiƙa ko ɗaya ta kowa. Sai ladan ya ce Allahu Akbar.

Bai san lokacin da ya bar motarsa a buɗe a gefen titi ba. Ya shiga tsakiyar mahaɗar da babbar riga da hula, ya ɗaga hannu. Ya ba masu miƙewa, ya tsayar da su, ya ba masu hagu, sannan ya buɗe hannuwansa biyu ya tsayar da kowa. Titi ya yi wayam. Ya fara ƙirga.

Ɗaya. Wani sanyi ya bi ta ƙafafunsa, ƙasa-ƙasa, kamar an buɗe firji. Biyu. Gefen rigarsa ya motsa, ba iska, abubuwa ne ke gogar sa suna wucewa da sauri, manya da ƙanana. Uku. Huɗu. Biyar. Sanyin ya wuce, ya fara sauke hannu.

Sai ya ji shi. A bayansa, kan kwalta, wani ɗan taku da jan abu. Taku, sai ja. Taku, sai ja. Bai ko kai tsakiyar titi sosai ba. Wani ɗan hannu mai sanyi ya kama wandonsa a wajen gwiwa, ya dogara da shi kaɗan, ya saki.

Habibu ya mayar da hannunsa sama. Shida. Hon ya kaure, wani ya leƙo ta taga yana zagi. Bakwai. Takun ya hau dakalin gefen titi ya ɓace.

Ya ci gaba da ba da hannu, gumi da hawaye sun haɗu a gemunsa, duk zagaye yana riƙe bakwai, don ya lura ba sau ɗaya suke tsallakawa ba, kai da kawo suke yi har duhu. Yanzu ya gane. Biyar ta masu lafiyayyun ƙafafu biyu ce. Mako uku ke nan yaron nan yana cin daƙiƙa biyun ƙarshe a gaban tayoyin mutane, kullum, kuma uwar ta sani tun ranar, ta dube shi ta ƙi roƙo.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ɗauka da hannun hagu, na daman yana sama.

"Baban Raudatu," in ji Hajiya Sa'adatu, "yau ba ta riƙe ƙafar ba. Tun da aka kira salla nake kallonta, ko sau ɗaya. Kana ina?"

"Ina bakin aiki," ya ce.

A daidai nan fitilun suka yi ƙyaf-ƙyaf suka dawo. Jan gari bai gama ɓacewa ba. Danja ta ba masu miƙewa, ta ba masu hagu, ta sa ja ko'ina, Habibu yana nan tsakiya bai gusa ba. Sanyin ya sake bi ta ƙafafunsa. Na'urar ta ƙirga biyar ɗinta yadda ya koya mata, kore ya kama. Wata tifa cike da yashi ta zabura, ta taho, ta ci burki har ƙarfen gabanta ya taɓa rigarsa. Direban ya zuro kai, idonsa jawur.

"Alhaji, kai mahaukaci ne? Kore ne! Ba ka gani?"

"Na gani," in ji Habibu. "Ni na sa shi."

Bai sauke hannun ba. A bayansa takun yana tahowa a hankali, Habibu ya ce shida.